Aikin maƙoƙo: A riƙa faɗa wa majinyata batun murya

A Ɗan Barto da ƙauyukan da ke kewaye da Matamaye, wanda maƙoƙo ya yi wa girma har ya kai ga tiyata, hanya biyu ce a gabansa: ko ya nufi babban asibitin ƙasa na Damagaram, ko ya tsallaka iyaka ta Kwangwalam zuwa Katsina ko Kano. Galibi kuwa mata ne. Akan yi aikin lafiya, wuya ya sace, amma wasu su dawo gida da dasasshiyar murya, ruwa ma yana sarƙe su in sun sha.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne a wurin likitoci. Jijiyoyi biyu masu motsa tantanin murya suna bi ne ta bayan ƙullin da ake cirewa, ɗaya dama ɗaya hagu. In aka ja ɗaya ko aka ƙuje ta, murya ta dishe; in duka biyun ne, numfashi kansa ya yi wuya, har akan huda maƙogwaro a sa bututu. Yawanci murya kan dawo cikin makonni zuwa wata 6, kuma waɗanda ke rasa ta dindindin ba su cika wuce 1 ko 2 cikin 100 ba a hannun ƙwararre. Haɗarin na ƙaruwa in maƙoƙon ya yi girma ƙwarai, ko in aiki na biyu ne. Akwai kuma wata jijiyar ta sama wadda in ta taɓu mutum zai yi magana daidai, amma ba ya iya ɗaga murya. Ga ladan, ko malamar makaranta, ko mai talla a kasuwa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da ke damunmu shi ne a sallami majinyaci ba tare da ya san wannan ba. Matar da ta koma ƙauye da murya a shaƙe, ba ta da bayani, nan da nan za a ce sammu ne ko iska. Maƙwabciyarta mai irin ciwon kuwa sai ta ƙi asibiti, ta koma ga sakiya da tsaga, maƙoƙon na ƙara girma.

A ganinmu, wajibi ne likita ya yi wa majinyaci da danginsa wannan bayani da Hausa kafin a sa hannu a takarda, a kuma leƙa maƙogwaro da na'ura kafin aiki da bayansa. Rufe iyakar da aka yi daga 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna cewa komawa Kano don a sake duba mutum ba kullum yake yiwuwa ba. Don haka muna kira ga asibitocin ɓangarorin biyu su riƙa ba wanda aka sallama cikakkiyar takardar abin da aka yi masa, wadda jami'in lafiya a Matamaye zai iya karantawa, ya tura shi Damagaram in muryar ta ƙi dawowa.