Farashin farko na kamfanin asurans tayi ne, kada ka yi saurin sa hannu

Malamin makaranta ba ya sayen mota da kuɗin wata ɗaya. Mafi yawa bashin banki ne, ana zaftare albashi shekara uku ko huɗu. In motar ta yi haɗari ta ragargaje, bankin ba zai daina cire kuɗinsa ba, yara kuma sai sun je lakwal gobe. A cikin wannan ƙunci ne ake miƙo maka takarda: mai ƙiyasi na kamfani ya ce gyara ya fi ƙarfin motar, ga abin da za a biya. Da yawa cikinmu sai mu ce ƙaddara ce, mu sa hannu. Haɗarin ƙaddara ne, babu musu. Amma adadin da ke kan takardar mutum ne ya rubuta shi, kuma kamfanin ne ya biya shi ladan aikinsa.

Nijar tana ƙarƙashin dokar CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Ƙa'idarta ita ce diyya ba ta wuce darajar abu a ranar da ya lalace. To, wace daraja? Motar da ta fito daga tashar Lome, ta ratsa Burkina Faso, aka biya duwan, ba a auna ta da farashin Turai. Darajarta ita ce abin da za ka kashe ka sayi irinta a Maraɗi ko Damagaram a wannan lokacin. Sai dai wannan magana ba ta da nauyi in babu shaida.

Ka fara da konsta na ƴan sanda ko jandarmomi. In asurans na dole kawai gare ka, naka kamfanin ba zai biya motarka ba. Na wanda ya buge ka za ka bi, kuma konsta ce ke nuna mai laifi. Ka sanar da kamfaninka a rubuce cikin kwana 5 na aiki, ka riƙe kwafi mai hatimi. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe, har da kilomita, kafin a janye ta. Ka tattaro takardar saye, ta duwan, kartigiris, da rasiɗin duk gyaran da ka yi: sabbin tayoyi, batir, inji. Sannan ka je wurin dillalai uku su rubuta maka farashin mota irin taka, shekara ɗaya, ƙira ɗaya, da suna da kwanan wata.

Ka nemi rahoton mai ƙiyasin ka karanta shi kamar yadda kake duba takardar ɗalibi. Shekarar daidai take? Nawa aka cire a matsayin kuɗin gangar motar? In ba ka gamsu ba, kana iya ɗauko naka mai ƙiyasi, ko da yake kai za ka biya shi. Kada ka sayar da gangar ga masu kayan gyara kafin a gama, domin ita ce babbar shaidarka. Kada kuma ka bari abin ya kwana: ƙara tsakaninka da kamfaninka tana faɗuwa bayan shekara 2.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa. Gaskiya ne, akwai zirga-zirga. Amma in bambancin ya kai jika ɗari biyar, kuɗin makarantar yara nawa ke nan? Wanda motarsa ke lafiya yau, ya samo ambulan ya fara ajiye rasiɗai, ya riƙa cewa makaniki ya rubuta masa abin da ya canza.