Ba kullum mai sayar da batir ke da laifi ba

Wajen ƙarfe uku na dare, a cikin watan Mayun bara, aka buga mini ƙofa a unguwarmu a Damagaram. Maƙwabcina ne, matarsa na naƙuda, motarsa kuma ta ƙi tashi. Ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai, fitilun gaban direba suna lumshewa. Motar ba a iya tura ta, mai canza giya da kanta ce. Sai da muka taso wani mai adaidaita daga barci kafin aka kai baiwar Allah asibiti. Ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Da gari ya waye maigidan ya dinga tsine wa wanda ya sayar masa da batir, wai jabu ne. Da muka bi diddigi, ashe tun magariba da aka ɗauke wuta ƙannensa ke cikin motar, makulli a buɗe, rediyo na tashi, fanka na hurawa, salula huɗu na caji.

Ban ce babu jabun batir a kasuwa ba, akwai shi, kuma duk wanda ya taɓa saye a gefen tasha ya sani. Amma a ganina mafi yawan batiran da ke mutuwa a hannunmu mu ne ke kashe su, sannan mu nemi wanda za mu ɗora wa laifi.

Batirin mota ba rumbun wuta ba ne. Aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi domin inji ya tashi, daga nan sai altanato, wato na'urar da ke caji idan inji na juyawa, ta karɓi aikin. Duba jikin naka, za ka ga an rubuta 12V da wata lamba kamar 45Ah ko 60Ah. Manyan fitilun gaba na gargajiya kowace tana cin wat 55. Ka haɗa biyun da ƙananan fitilun baya, cikin awa uku sun shanye kusan rabin batir mai 60Ah, wannan ma idan sabo ne kuma cike yake. Wanda ya shekara biyu yana shan ranar Tahoua ba zai kai haka ba. Cajin salula ɗaya, gaskiya, ba wani abu ba ne. Abin da ke cin wuta shi ne barin makulli a buɗe awa da awa tare da fanka da manyan lasifikan da samarinmu ke sakawa a but. Akwai kuma motocin da ramin cajinsu ba ya mutuwa ko an zare makulli, sai caja ta kwana tana tsotsa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, batir irin wannan ba ya yafe sauka ƙasa. Duk lokacin da ya mutu ƙurmus, wani farin gishiri na kama farantan dalmar da ke cikinsa, ƙarfinsa ya ragu har abada. An ba ka wuta da kebul, mota ta tashi, ka ɗauka magana ta ƙare, alhali ka rage masa kwana. Ga zafinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, wanda ke ƙafar da ruwan batir. Ga kuma gajerun tafiye-tafiye: daga gida zuwa kasuwa minti biyar, ka kashe, ka sake tayarwa. Batirin da ya sauka yana bukatar tafiyar aƙalla rabin awa, kuma ko ita ba lallai ta cika shi ba.

Za a ce mini, to ya mutum zai yi idan babu wuta? Tambaya ce mai kyau. Duk mun tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, mota ta zama wurin cajin gida guda. Ban ga laifin kowa ba. Sai dai ƙaramin faifan sola ko ma'ajiyar caji ta aljihu sun fi sabon batir araha nesa ba kusa ba, musamman da kayan mota suka koma zagayowa ta Lome bayan an rufe iyakar Benin a 2023. Idan kuma dole sai motar, a tayar da injin, a waje, ba cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin na kisa.

'Yan uwa da ke Agadas, Aljeriya, Libiya ko Turai, ku ma maganar ta shafe ku. Mutum ya zo hutu, ya ajiye mota a gida, ya koma wata shida. Ko an kashe komai, agogo da ƙwaƙwalwar mota na ɗan shan wuta, cikin 'yan makonni batir ya sauka. Kafin ka tafi, ka sa a kwance kan batir mai alamar ragi, wanda galibi sufana mai lamba 10 ke kwance shi, ko ka bar wa amintacce ya riƙa zagayawa da ita kowane mako. Masu babur kuwa nasu batirin ƙarami ne ƙwarai, fitilun ado da rediyon da ake liƙa wa kabu-kabu ba sa barin sa ya huta.

Ni dai tun daga daren nan na sauya hali. Kafin in rufe mota nakan duba fitilun gaba da ta cikin rufi, in zare caja, in tabbatar but ya rufu sosai, domin fitilarsa na iya kwana a kunne ba wanda ya gani. Na sayi kebul na ajiye. Bakaniken unguwarmu kuma yana auna mini batir da mita duk bayan wata biyu: 12.6 cike yake, 12.2 ya kai rabi, idan inji na aiki ya kamata a ga kusan 14. Maƙwabcin nawa ya sayi sabon batir, makullin kuma yanzu a aljihunsa yake kwana.