TSOHON DA BA SHI DA LAMBAR FENSHO

Ran 1 ga watan Oktoba na kowace shekara Nijeriya takan yi bikin samun mulkin kai, soja su yi fareti, shugabanni su yi jawabi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun cikin 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana ɗin domin tunawa da tsofaffi. A ƙasar nan amon gangar biki kan danne zancensu. In ma an tuna da su, to, zancen 'yan fensho a ke yi, watau waɗanda suka yi aikin albashi suka gama.

Ko shakka babu 'yan fensho suna da abin kuka. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a riƙa duba kuɗinsu duk bayan shekara 5, ko kuwa duk sa'ad da aka duba albashin ma'aikata, amma sau da yawa sai sun yi ta jeka-ka-dawo kafin a waiwaye su. An kuma ga yadda ɓeraye suka shiga rumbunsu, har kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 cikin 2021. Duk da haka ɗan fensho yana da lamba, yana da fayil a ofis, yana da ƙungiya mai magana da yawunsa. Dokar fensho ta 2004, wadda aka sake cikin 2014, ta ce ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Wanda bai taɓa karɓar albashi ba fa, kashi nawa ne nasa?

Su ne kuwa suka fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai manomin da bayansa ya tanƙware a kan garma, da makiyayin da garkensa ya ƙare, da ɗan dakon da ya tsufa yana sauke buhuna a Dawanau, da tsohuwar da hayaƙin kaskon ƙosai ya cinye wa ido. Akwai kuma waɗanda suka sauka Kudu ci-rani tun suna samari, suka yi gadi a Ikko, ko suka sayar da goro a Sabo ta Ibadan, har furfura ta riske su a can, gida ya manta da su, baƙunta kuma ba ta sake su ba. An buɗe wa masu sana'ar hannu wani ƙaramin asusun fensho cikin 2019, kuma abu ne mai kyau ga saurayi. Amma wanda ya riga ya kai shekara 70, me zai tara, yaushe kuma zai ci?

Wasu kan ce ai waɗannan ba su yi wa Gwamnati aiki ba, saboda haka ba su bin ta bashi. Wannan magana ba ta san tarihi ba. Dalar gyaɗa ta Kano ba daga sama ta faɗo ba. Hukumomin ciniki na wancan zamani sukan sayi gyaɗa da auduga da koko da kwakwar manja a hannun manomi bisa farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa ta shiga baitulmali, aka yi hanyoyi da makarantu da ita, ba a rushe hukumomin nan ba sai cikin 1986. Daɗin daɗawa talaka ya biya haraji, Bafillace ya biya jangali, shekara da shekaru, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Wanda ya kasa biya a lokacin, dogari ya san ƙofar gidansa. Ashe hukuma ta san shi ranar karɓa.

Wasu kuma sukan ce 'ya'ya su ne fenshon talaka. Da can haka abin ya ke. A tsarin gandu 'ya'ya maza suna noma gonar uba, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya ba kowa gayaunarsa. In ƙarfinsa ya ƙare, rumbu ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, ba mai ce masa tashi. Yau gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, samari sun watsu birane, a wasu sassan Zamfara da Katsina da Barno tashin hankali ya kori ƙauyuka ɗungum. Ɗan da ke tuƙa babur a Fatakwal ba ƙin ubansa ya yi ba, abin hannunsa ne bai kai ba, balle tun da aka janye tallafin mai cikin Mayun 2023. Sa'an nan akwai wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, da wadda ta binne nata duka. Irin wannan tsohuwa ce, in ruɗewar tsufa ta kama ta, yaran unguwa kan bi da jifa suna kiranta mayya.

Dokoki dai ba a rasa su ba. Sashe na 16 na Tsarin Mulki ya lissafa kula da tsofaffi cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta tanadar wa 'yan ƙasa, sai dai Sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babi. Cikin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa, cikin 2021 aka naɗa mata shugabanni, aka kuma amince da manufar ƙasa game da tsufa. Madalla da wannan. Amma takarda ba ta zama tuwo.

Abin da ya rage shi ne kuɗin wata-wata ga kowane tsoho, ko ya yi aikin albashi ko bai yi ba. Kada a ce sai ƙasashen Turai. Lesotho, 'yar ƙaramar ƙasa da ke cikin tsaunuka, ta fara biyan waɗanda suka kai shekara 70 tun 2004. Tsibirin Zanzibar ya bi sahu cikin 2016, Kenya kuma cikin 2018. Ba ɗaya daga cikinsu da ta kama ƙafar Nijeriya wajen arzikin mai. A nan gida ma Gwamna Kayode Fayemi ya gwada a Jihar Ekiti cikin 2011, inda aka riƙa ba marasa ƙarfi da suka kai shekara 65 naira 5,000 a wata. Sai dai shirin da ya rataya a wuyan gwamna ɗaya, ranar da mulki ya sauya hannu yakan shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Za a ce yawancinsu ba su da takardar haihuwa, ta yaya za a san shekarunsu? Wannan ba gagara-badau ba ne. Dagaci da mai unguwa da limami sun san wanda aka haifa shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956, sun san wanda ya riga ya yi wayo ranar da aka kashe Sardauna cikin 1966, da wanda ya yi aure kafin naira ta maye gurbin fam cikin 1973. Za a kuma ce 'yan wawura za su cusa sunayen matattu. Lalle za su gwada. Maganinsu shi ne a karanta sunaye a bainar jama'a ranar kasuwa, inda kowa ya san wanda ke raye da wanda aka kai makwanci, a kuma kai kuɗin har gunduma, domin wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta nuna yawan tsofaffin da ba su taɓa taka ƙofar banki ba.

Saura Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su mai da abin doka, su yanka masa kaso tabbatacce cikin kasafin kuɗi, su kuma ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 cikin 2024, yadda duk ranar da aka ɗaga na ma'aikaci na tsoho ma zai ɗagu.