Tsoron dalma ya sauka a inda ba wurinsa ba

Duk wanda ya fara koyon haɗa 'yan na'urorin lantarki a gida yakan ci karo da masu yi masa wa'azi cewa wayar liƙi mai dalma guba ce, hayaƙinta kuma ajali. Rabin maganar gaskiya ne, kuma shi ya sa take ɓatar da mutane.

Tun Yulin 2006 Tarayyar Turai ta hana masana'antu sa dalma a yawancin kayan lantarki, saboda tarin na'urorin da ke ƙarewa a juji. Doka ce mai ma'ana ga masana'anta, amma ba a yi ta don ɗalibin da ke liƙa waya goma a ranar Asabar ba. Haɗin kuza kashi 63 da dalma kashi 37 yana narkewa a digiri 183, kuma yana daskarewa nan take, don haka ko hannu ya ɗan yi rawa liƙin ba ya lalacewa. Wadda ba ta da dalma, ta kuza da azurfa da jan ƙarfe, sai zafi ya kai wajen 217. Wannan tazara ce ke sa sabon shiga ya daɗe da ƙarfe a kan allo har ya ƙone shi, sannan ya ɗauka shi ne ba shi da basira.

Hayaƙin kuwa ba dalma ba ce, domin dalma ba ta tafasa sai zafi ya haura digiri 1,700. Ƙaron da aka cusa a cikin wayar ne ke ƙonewa. Yana iya jawo asma, kuma wayar da ba dalma ma tana fitar da shi. Maganinsa taga a buɗe da fanka.

Dalma ta baki take shiga. Yaran Zamfara da suka mutu a 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake daka wa a tsakar gida suka haɗiya. Mai liƙin da ya tashi daga tebur ya sa hannu a kwanon tuwo bai wanke da sabulu ba, ko ya bar gutsattsarin waya inda yaro ke rarrafe, shi ya kamata masu wa'azin su tare.

Wayar da ta cancanci a guje ta ba su ma ambatonta: ta masu gyaran famfo, mai asid a ciki, wadda ke cin jan ƙarfen allo a hankali har na'urar ta mutu bayan watanni.