Na kowa, ta kowa

Ranar wata Alhamis muna fada, ana jiran shayi na biyu, wani abokinmu ya yabi wani ɗan ajinmu ya ce: "Ai wane na kowa ne." Duk muka gyaɗa kai. Ba a yi minti goma ba wata ɗaliba ta biyo, ta gaishe mu ɗaya-ɗaya da suna, ta tambayi mai dafa shayin jikin tsohuwarsa, ta yi dariya ta wuce. Bakin nan dai da ya gama yabo ya ce: "Wagga kuwa ta kowa ce." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Sai da dare abin ya hana ni barci. A ajin nahawu an koya mana cewa "na" da "ta" aikinsu ɗaya: nuna mallaka, ɗaya ga namiji, ɗaya ga mace. Rigar nan ta Audu ce, wandon nan na Audu ne, shi ke nan. To ta yaya harafi guda zai canza, yabo ya koma ƙazafi? Nahawu bai ce haka ba. Mu muka ce.

Hausa ba ta da talaucin kalmomin son mutane. Akwai fara'a, wadda muka aro daga Larabci, hasken fuska ne da ake gani tun daga nesa. Akwai sakin fuska, kishiyar ɗaure fuska, kamar fuskar igiya ce a hannun mai ita. Akwai faram-faram da haba-haba, masu maimaita kansu kamar yadda mai halin ke maimaita "sannu da zuwa". Akwai raha da barkwanci ga mai sa dariya, zumunci ga mai bin dangi, karamci ga mai buɗe ƙofa da tukunya. Ba ɗaya daga cikinsu da aka rubuta wa "maza kaɗai".

Amma ku saurari yadda muke rabon su. Saurayin da ya san kowa daga anfi har resto, mai jama'a ne. Budurwar da ta yi haka, rawar kai gare ta. Shi wayayye ne, ita idonta ya buɗe. Shi yana da fara'a; ita "ta cika fara'a", kuma kun san abin da "cika" ke ɗauke da shi a nan. In ta gaji ta ɗaure fuska, wasu kalmomin na jiran ta: girman kai, jan aji, miskilanci. Dan Allah ku nuna mini wurin da muka bar mata ta tsaya.

Na san abin da za a ce: al'adarmu ce, mace da kunya aka san ta. Ban raina kunya ba. A 1974 Bature Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya jera halaye goma, kunya na ciki. Amma mutunci ma na ciki, kuma mutunci ya haɗa da kiyaye darajar wani. Mai jifan yarinya da "ta kowa" don ta gaishe shi, wanne ya riƙe cikin biyun? Kunyar ce, ko mutuncin?

Kuma wace al'ada ake nufi? Wadda ta ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma? In baƙo ya sauka gidanku a Maraɗi ko Tawa, wa ke kawo masa ruwa, wa ke tambayar mutanen gida? Mai fura da ba ta da fara'a, kwana nawa za ta yi a kasuwar Dole ta Damagaram? A 2014 UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙabilun Nijar cikin gadon ɗan Adam. Muna alfahari da shi a rediyo, Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, a yi ta tsokana ba mai fushi. Kakanninmu mata suna cikin wasan nan tsundum, ba wanda ya ce sun zubar da kamun kai.

Kada kuma masu Faransanci su ɗaga hanci. Can ma "homme public" babban ɗan siyasa ne, "femme publique" kuwa zagi ne. Ciwon ba na wani harshe ba ne, na masu bakin ne, kuma sauya harshe ba ya warkar da shi.

Wani zai ce wasa ne kawai na fada. Maganar fada ba ta kwana a fada. Tana hawa kabu-kabu, ta shiga unguwa, ta isa kunnen gwaggon wanda ke neman aure a ranar da aka tashi bincike. Ba za a ce an kama ta da laifi ba. Za a ce "an ce ta kowa ce", kuma "an ce" ba shi da gida balle a je a tuhume shi.

Ɗalibar nan maganar ta koma kunnenta. Yanzu in ta biyo ta gaban fadarmu kanta a ƙasa, ba sallama. Shekaranjiya wanda ya yi maganar ya bi ta da kallo ya ce: "Ji girman kai."

Kamarad, mu da ke karatun harshe mun san ma'anar kalma ba daga sama take faɗowa ba. Masu amfani da ita ke ɗora mata kaya, su kuma ke iya sauke shi. Ba na neman a ƙirƙiro sabuwar kalma. Ina neman in ka ce mace tana da fara'a, ka tsaya nan, ba ƙyafta ido, ba "amma". In wani ya ce "ta kowa ce", ka tambaye shi a gaban jama'a me yake nufi. Ranar Alhamis ɗin nan ban tambaya ba. Har yanzu ina bin kaina bashin wannan tambaya.