An rufe lakwal, amma kada yara su ɗauka bakansi ne



A ranar 20 ga watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a duk faɗin Nijar, daga firamare har jami'a, bisa matakan da shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya sanar a jawabinsa na 17 ga watan saboda cutar korona. Da farko mako biyu aka ce, sai ga shi a watan Afrilun 2020 ana neman wata guda yara na gida. Rufewar daidai ce, rai ya fi komai. Sai dai duk wanda ya zagaya unguwa da hantsi zai ga yadda muka ɗauki abin: yara na tasha, suna bakin kasuwa, wasu sun ɗauki faranti sun tafi talla, kaye da arduwazi kuwa suna cikin jaka tun ranar da aka tashe su. An raba su da cunkoson aji don gudun cuta, mu kuma mun sake su cikin cunkoson da ya fi shi.

Asara biyu nake tsoro. Ta farko mantuwa. Ko lokacin da lakwal ke buɗe ba mu tsira ba, domin binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa fiye da tara cikin goma na ɗalibanmu masu ƙare firamare ba su kai matakin da ake so ba a karatu. To ina ga ɗan CI ko CP da bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali ba, da Faransancin da ba ya jin kowa na yi a gida? Wata biyu ba tare da ya buɗe kaye ba, mushe sai ya koma da shi farko.

Ta biyu ta fi muni: yaron da ba zai koma ba sam. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Saliyo, lokacin Ebola, makarantu sun yi wajen wata tara a rufe tsakanin 2014 da 2015, kuma da aka buɗe, dubban ƴan mata sun riga sun yi ciki, karatun da yawansu ya tsaya nan. Mu nan, ƙididdigar UNICEF ta ce wajen uku cikin huɗu na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na sahun gaba. Yarinyar da ke CM2 ko kwaleji, sau da yawa lakwal ce kaɗai hujjar da uwarta ke bai wa dangi idan masu nema sun matsa. Yanzu tana zaune gida, wace hujja ta rage? Namiji kuma da zarar ya ɗanɗana kuɗin dako ko turin ruwa, benci ya fita ransa. Idan damina ta zo kuma, gona na jiran hannu.

Wasu za su ce a yi karatu ta intanet kamar yadda aka yi a Faransa a 2020. Gidan da ke da babbar salula da kuɗin kiredi, mushe na turo darasi ta WhatsApp, Allah ya ƙara. Amma a ƙasar da masu wutar lantarki ba su kai ɗaya cikin biyar ba a 2020, kuma salula ɗaya tilo tana aljihun maigida yana kasuwa, wannan maganin mutane kaɗan ne. Saura fa?

Saura muna da abin da muka gada daga makarantar allo: lokaci tsayayye. Malamin allo ba da kayan aiki ya fi mu ba, abin da ya riƙe shi ne da asuba a biya, da dare a biya, kullum, yaro ya san ba fashi. Haka za mu yi wa boko. A ware awa ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi, bayan kowa ya wanke hannu da sabulu, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a fiddo kaye. Awa ɗaya kullum ta fi yini guda sau ɗaya a mako. Lokacin azumi ma, safiyar nan ita ce lokacin da gida ke da sukuni.

Na san wata uwa za ta ce, "Ni da ban yi lakwal ba, me zan koya masa?" Hajiya, ba a ce ki zama madam ba. Ki zauna kusa, ki ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ya karanta. Idan ya iya fassarawa, ya gane. Idan ya kasa, a kira yayansa. Kusan kowane babban gida akwai ɗan kwaleji ko ɗan lise da shi ma ke zaune. A ɗora masa ƙannensa: ya yi musu dikte, ya duba rubutu. Mai shirin BEPC ko BAC shi ma a ba shi nasa lokacin, a rage masa aike. Amma a tsaya iya ƴan gida, kada a tara yaran unguwa cikin zaure ɗaya, sai mu koma gidan jiya.

Lissafi kuwa, ai uwar gida ta fi kowa. Mu da dala muke ƙirga, lakwal da faran. Ki ce: tiyar gero in tana dala ɗari, tiya uku nawa ke nan, kuma in na ba da jika biyu nawa ne canjina? Ya rubuta 500 sau 3, ya samu 1500, ya cire daga 2000. Ba arduwazi? Ƙasa na nan, gawayi na nan. Da dare kaka ta yi tatsuniya, gobe yaro ya maimaita ta da bakinsa ko ya rubuta abin da ya riƙe. Wannan ma karatu ne.

Ban manta da halin da ake ciki ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, kasuwancin Maraɗi da Ƙwanni ya ja baya, sai korona ta ƙara. Akwai gidan da sai an yi talla ake ɗora tukunya, kuma ba mai zagin wannan gida. Roƙona kawai, awar karatun ta riga faranti fita, kuma ranar da aka buɗe lakwal faranti ya koma hannun manya.

Sai kira ga hukuma. Nijar ba baƙuwa ba ce wajen koyarwa daga nesa, tun 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a ƙasar nan, tun wasu ƙasashe ba su yi tunanin haka ba. Yau muna da Muryar Sahel, da Télé Sahel, da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, da rediyoyin karkara fiye da ɗari. Ma'aikatun ilimi su ɗauki ƙwararrun malamai su shirya darussa gajeru, aji aji, a lokaci sananne kullum, da bayani cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barebarci da Buzanci, don uwa ma ta bi. Rediyo na aiki da batir, tana kaiwa har rugga.

Ƴan COGES da ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu, tare da masu unguwa da hakimai, ku ma da naku aikin. Kuna da sunayen ɗalibai, kun san gidajensu. Tun yanzu ku riƙa tambaya: wance tana nan? An sa mata rana? Wane ya tafi cin rani? Dokar Disamba 2017 da ke kare karatun ƴaƴa mata tana nan, korona ba ta soke ta ba. Ranar buɗewa a kira suna, duk wanda bai amsa ba a bi shi gida a cikin makon.

Allah ya yaye mana wannan annoba, ya shirya mana zuri'a, ya sa mu ga azumi lafiya. Gobe da safe dai a fiddo kaye.