Gansakukar ruwan kanwa: a bincika kafin a ci

Ƴan'uwa manoma, da mun ji "ƙwayar bakteriya" sai mu tuna da cuta. Amma akwai wadda ke rayuwa kamar ganyen hatsi: da hasken rana da ruwa da iska take haɗa abincinta. Sunanta sifirulin, cikin ruwan kanwa take tsirowa.

A ƙasar Kanem, can Cadi, tun kaka da kakanni mata ke kwasarta daga tafkuna, su shanya bisa rairayi, su sa a miya. Dihe suke ce mata. In ta bushe, wajen kashi 60 cikin 100 nata sinadarin gina jiki ne.

Mu ma Damagaram muna da kanwa, ga Gidimuni nan, kuma tamowa na damun ƴaƴanmu. Sai dai a yi hattara! Wata gansakukar guba ce, tana kashe bisashe, ido kuwa ba ya rarrabewa. Don haka muke kira ga hukuma ta ba matasan jami'ar Zinder kayan awo da kuɗin tafiya, su bi tafkunanmu ɗaya bayan ɗaya. Kafin su kawo sakamako, kada kowa ya ba yaro.